Ranar da na riƙe hannun Baba a gindin gawo

Ku 'ya'yana kun sha jin ana cewa ni ne na riƙe hannun ubana a bainar jama'a, shi ya sa jakar ɗori ta tsallake ni ta koma hannun Baffanku Isa. Gaskiya ne, na riƙe. Sai dai masu ba ku labarin daga tsakiya suke ɗaukowa, a tsakiya kuma suke ajiyewa. Ni da aka yi abin a kaina zan ɗauko muku shi tun daga tushe, kafin tsufa ya fara cin gefensa.

Kakanku maɗori ne, ubansa ma maɗori ne. Daga nan Darini zuwa Karare, har rugagen da ke ta wajen Safana, in jaki ya ka da mutum, ko sa ya taka shi, ko katanga ta rufto masa, zaurenmu ake nufowa. Baba ba ya kallon wurin da ya karye. Rufe ido yake yi, ya bi fatar da babban yatsa a hankali yana yi wa mutum hirar damina, sai dai ka ji ƙas, mai karaya ya kurma ihu, shi ke nan ƙashi ya koma mazauninsa. Daga nan sai man shanu, sai tofi, sai a jera kara a naɗe da tsumma. Ni na taso ina danne masa ƙafafun manyan ƙarti tun ban kai in danne ɗan akuya ba, kuma duk garin an san ni zan gaje shi. Ko da aka ɗauke ni makarantar koyon aikin lafiya a birni bai hana ba. Abin da ya ce kawai shi ne:

"Tafi ka koyo allura. Ƙashi yana nan gida yana jiran ka."

Ashe ƙashin ya riga ni zuwa can. Ranar da aka fara shigar da mu ajin sanin jikin ɗan Adam, sai ga ƙwarangwal tsaye a kusurwa, an rataye shi a jikin ƙarfe, yana yi mana wannan murmushin nasa da ba ya ƙarewa. 'Yan ajinmu suka ja da baya ana ta a'uzubillahi, wani ɗan Kankara ma sai da ya kai bakin ƙofa kafin malamin ya rantse masa cewa na roba ne. Ni kuwa ban san lokacin da na isa gabansa ba. Wayyo daɗi! Abin da na shekara goma ina lalube ta bayan fata kamar mai neman allura a cikin buhu, ga shi nan an yaye masa mayafi. Na taɓa ƙoƙon kan, na ga ashe ba dunƙule ɗaya ba ne kamar yadda muke zato. Ƙasusuwa ashirin da biyu ne, takwas sun rufe ƙwaƙwalwa, sha huɗu sun yi fuska, an harhaɗa su da ɗinki mai zigizaga irin na ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke. Nan na gane madigar jariri: wurin da ɗinkin bai gama haɗuwa ba ne, an bar wa kai hanyar da zai matse ya fito, ya kuma girma. A cikinsu duka muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai ke motsi, kun ga kuwa wanda aka sake shi ya fi kowa jawo wa mutum rigima.

Ranar ban ci abincin rana ba. Na zagaya bayansa na bi ƙashin baya da yatsa tun daga ƙeya: bakwai a wuya, sha biyu a gadon baya, biyar a ƙugu, sauran tara na ƙasa sun manne da juna. Na haɗa, talatin da uku, adadin ƙwayar ƙaramin carbi! Na ce Allahu akbar da ƙarfi har aka yi mini dariya. Kowace ƙwaya da huda a tsakiyarta, kuma ta wannan hudar laka ta bi, ita ce ke kai saƙo daga kai zuwa hannu da ƙafa. Malamin ya zare ƙwaya biyu na wuya, ya zura musu ɗanyen kara mai taushi, ya ɗan gocar da ɗaya. Karan ya tsinke. Ya ce haka laka take, kuma in ta tsinke babu mai ɗora ta, ko a nan ko a Turai. Haƙarƙari kuwa sha biyu ne kowane gefe, bakwai sun kamo ƙashin ƙirji, uku sun rataya a jikin na samansu, biyu na ƙasa suna lilo babu abin da suka kama ta gaba. Na riƙa zuwa wurin ƙwarangwal ɗin nan safe da yamma, har 'yan ajinmu suka sa masa suna Abokin Haruna, wato abokina.

Hutun bazara na dawo gida ilimi yana zuba ta ko'ina. Ban bar kowa ya sha iska ba. In an kawo miyar kai sai na tsaya bayani, in jariri ya zo hannuna sai na nemi madiga. Inna, kakarku, ta ce an tura yaro koyon magani ya dawo da ƙasusuwa cike da baki. Wata rana da hantsi muna zaure ni da Baba da Isa muna feƙe karan ɗori, sai na ce wa Baba haƙarƙarin mutum sha biyu ne kowane gefe. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Sha uku."

"Baba, sha biyu ne. Da hannuna na ƙirga."

"A jikin mi ka ƙirga? Roba? Ni duk layya ubana sai ya sa na ƙirga awazun rago kafin a raba. Shekara nawa ke nan? Rago sha uku, akuya sha uku, sa ma sha uku. Kai kaɗai ne Allah zai rage maka ɗaya?"

A nan na fahimci inda iliminmu na gida ya fito. Mu Musulmi ne, ba wanda ya taɓa buɗe ɗan Adam ya duba, Allah ya tsare. Abin da maɗori ya sani na cikin jiki, rabi daga yatsansa ne, rabi daga gawar rago. Kuma ragon bai yi ƙarya ba, nasa sha ukun ne. Muka ce to, gani ya kori ji. Isa a lokacin siriri ne kamar sillen kara, ba wannan tumbin da kuka san shi da shi ba, sai muka sa ya tuɓe riga. Baba ya kama dama, na kama hagu, Isa yana ta mutsu-mutsu yana ƙyaƙyata dariya don ba ya jure cakulkuli. Haƙarƙarin can sama yana ɓoye a bayan ƙashin da ya gitta gindin wuya, ba ya taɓuwa, don haka duk mu biyu sha ɗaya muka samu. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To, madalla. Kai sha biyu, ni sha uku, Isa sha ɗaya. Kowa shi riƙe nashi."

Da na ga yana cikin raha sai na kawo maganar laka. Ya ce ya san laka mana, tun ba a haife ni ba yake zuƙe ta a miya. Wuya kuwa ya ja ya fi a ƙirga, mata masu ɗaukar itace kullum suna zuwa da targaɗen wuya, ya ja ya murɗa su tafi suna godiya. Na ce wanda ya faɗo daga sama fa? Ya ce ya taɓa ganin ɗaya. Daga kan rumbu mutumin ya faɗo, Baba ya same shi yana magana har yana shure-shure, ya ja masa wuya, kafin azahar ƙafafun suka mutu, bayan kwana tara shi ma ya bi su.

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Baba.

Na tuna da ɗanyen karan nan na malam. Ban ce komai ba, kuma wannan shirun shi ne laifina na gaskiya. Da a ranar na yi magana, mu uku a zaure, da abin da ya biyo baya bai zo mana a gaban mutane ba.

Ba a yi sati ba sai ga mai babur da sassafe daga rugar Ardo, ta wajen Babban Duhu. Ardo aminin Baba ne tun suna samari, duk kaka shanunsa a gonarmu suke kwana su bar mana taki. Ɗansa Buba, magidanci mai 'ya'ya uku, ya hau gawo zai sassabo wa shanu ganye, kun san da rani gawo ne kaɗai ke da kore, sai reshe ya karye da shi. Baba ya ce in ɗauko jaka. Muka hau mu uku a babur ɗin. Lokacin dajin namu lafiya lau, ba abin da kake tsoro sai yashi da ƙaya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, murna nake yi a hanya, yau zan ga aiki da sabon idona.

Muka tarar da shi kwance a gindin gawon, kansa ya ɗan karkata hagu, idonsa biyu, gatarin yana gefe. Mutane sun kai talatin, Fulanin rugar da manoman ƙauyen. Allah ya taimaka Ardo ya hana a ɗaga shi, ya ce a jira mai abin. Aka gaisa a gajarce, Baba ya durƙusa, ya rufe ido, ya zura yatsa ta ƙarƙashin wuyan. Buba ya cije baki. Ni kuma na tsuguna ta wajen ƙafa.

"Buba, motsa yatsun ƙafarka in gani."

Suka motsa. Na ji kamar an yi mini bushara.

"Hannunka fa?"

"Kamar kiyashi na bin su," in ji shi.

Wato lakar tana nan ba ta tsinke ba, amma wani abu yana taɓa ta. Ina ɗago kai sai na ji Baba yana cewa mutum biyu su danne kafaɗu. Ya gyara zama ta wajen kan, ya sa hannun hagu a ƙeya, na dama a ƙarƙashin haɓa. Na san wannan zaman, na gan shi sau ɗari. Bismilla zai yi, a ƙarshen bismillar ya fizga. Ya fara. Ban yi tunani ba, ban nemi izini ba, na dai gan ni a durƙushe kusa da shi na damƙe wuyan hannunsa na dama da hannu biyu.

"Baba, kada ka ja."

Baba ya dubi hannuna, sannan ya dube ni.

"Sake ni."

"Baba, don Allah. Ƙashin ya goce, lakar na bayansa. In ka ja za ta tsinke kamar ta mutumin rumbu."

Kun ji inda na ƙara ɓata rawata da tsalle. Riƙe hannun ma da sauƙi, amma na ambaci mutumin rumbu a gaban mutum talatin, wasu ma danginsa ne na nesa. Na ga fuskar ubana ta sauya, abin da ban taɓa gani ba. Wani tsoho daga baya ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wani ya ce boko ke nan. Baba ya janye hannuwansa a hankali ya ɗora su a cinya.

"Ardo, ɗanka ne. Ga ni, ga likita. Zaɓi."

Ardo ya dogara da sandarsa. Sannan ya dube ni.

"Haruna, in an kai shi birni zai tashi?"

"Ban sani ba, Baffa. Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, yanzu ƙafarsa tana motsi, ina so ta isa can tana motsi."

Bai ce ya zaɓe ni ba, ba zai iya faɗin haka a gaban amininsa ba. Sai ya juya ya tambayi mutanensa ko yau akwai motar da za ta fita daga Safana. Shi ke nan, kowa ya gane.

Daga nan sai na ce a samo ƙyauren da za a kwantar da Buba a kai. A ruga babu ƙyaure, sai aka ruga cikin ƙauye aka ciro na wani shago. Na sa aka cika 'yan buhunan gishiri biyu da yashi, aka karɓo rawani uku. Saura a mayar da Buba kan ƙyauren, kuma nan ne wuyar aikin: mutum huɗu za su ɗaga gangar jiki lokaci ɗaya, wani kuma ya riƙe kan yadda ba zai motsa ko kaurin gashi ba. Na dubi hannuwana, suna ta karkarwa. Na dubi jama'a. A duk wurin hannu ɗaya ne na san ba ya rawa.

"Baba, ka riƙe mana kan."

Na zaci zai tashi ya tafi. Ya yi kamar bai ji ba, sannan ya matso, ya sa tafukansa biyu a kunnuwan Buba. Na ce ɗaya, biyu, uku, muka ɗaga. 'Ya'yana, ban taɓa ganin riƙo irin wannan ba, har na yi ritaya ban gani ba. Kan nan ya bi jikin kamar tare aka sassaƙa su. Sai da na tokare shi da yashin dama da hagu, na ɗaure goshi da ƙirji da gwiwa, sannan Baba ya zare hannunsa. Ya ɗauki jakarsa da kansa, ya ƙi hawa babur, ya kama hanyar gida a ƙasa cikin wannan rana.

Motar a-kori-kura ce mai ɗaukar gyaɗa. Na durƙusa a baya, kan Buba a tsakanin gwiwoyina, duk ramin da muka nufa sai na doki rufin motar direba ya rage gudu, har ya leƙo ya ce ko ƙwai ya ɗauko ai sai haka. Duk bayan ɗan lokaci sai in ce Buba motsa, Ardo ya duba ƙafar ya ce tana yi. Da la'asar muka shiga babban asibiti a Katsina tana yi. Aka ɗauki hoton wuyan, likitan ya ji ni ɗalibi ne sai ya kira ni ya ɗaga hoton a haske. Ga su nan, bakwai, na mutum mai rai, ba roba ba! Na biyar ya tsage ya zamo gaba, saura ƙiris ya datse hanyar. Na ji wani daɗi ya taso mini har na kusa yin tsalle, sai na tuna uban mai wuyan yana tsaye a bayana, na kama kaina.

Da na koma gida sai na tarar an rufe mini fuska. In na gai da Baba ya ce lafiya, shi ke nan. In an zo da karaya Isa yake kira. Ana jibi zan koma makaranta ya shiga zaure da Isa ya ja ƙofa, suka daɗe. A nan ya ba shi kalmomin tofin da ubansa ya ba shi, waɗanda mutum ɗaya ake ba a kowane zamani, ya kuma miƙa masa jakar. Har yau ban san mene ne a cikin tofin nan ba, kuma ban taɓa tambayar Baffanku ba. Na shiga ɗakin Inna, ƙato da ni, na yi kuka sosai, don ina son sana'ar nan fiye da yadda Isa ya taɓa son ta.

"Da ka raɗa mashi a kunne," in ji Inna.

"Inna, ya riga ya fara bismilla."

"To, sai ka haƙura. Shi ma haƙurin yake yi."

Sai bayan kaka na sake zuwa hutu. Wata safiya muna ƙofar gida ana ɗaure dawa, Baba yana kan buzunsa, ni ina can gefe inda na saba rakuɓewa, sai muka hango mutum tafe da sanda a kafaɗa, yana tafiya a miƙe kamar ya haɗiye taɓarya. In zai dubi gefe sai ya juyo da jikinsa duka. Buba ne. An ba shi babur ya ƙi, ya ce da ƙafarsa zai zo. Na watsar da damin da ke hannuna na yi ihu kamar yaro, Inna ta leƙo tana guɗa. Ya durƙusa gaban Baba aka yi gaisuwa mai tsawo, gida, shanu, Ardo, gajiya, sannan ya ce:

"Baffa, ka san mi suka yi mani can? Ja suka yi. Suka maƙala mani ƙarfe a ƙoƙon kai, suka rataya nauyi, sati shida ina kallon rufi."

Baba ya tafa hannu, ya dubi mutanen da suka taru.

"Kun ji ko? Ja dai! Ashe ja ne maganin!"

Aka yi dariya, ni ma na yi, don rabon da in ji muryarsa haka tun bazara. Sannan ya ce Buba ya matso ya juya masa baya. Ya rufe ido, ya ɗora babban yatsa a ƙeya, ya fara gangarowa. Ina kallon leɓensa yana motsi. A na biyar yatsan ya tsaya. Ya shafa wurin, ya koma sama, ya sake gangarowa, ya sake tsayawa a nan. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya daɗe bai buɗe ido ba.

"Sati shida suka yi suna ja," ya ce a hankali. "Ni kuwa da numfashi ɗaya na tashi yi."

Ya sauke hannunsa, ya matsa gefe a kan buzun har ya bar wurin zaman mutum ɗaya, bai dube ni ba.

"Haruna, zo ka taɓa nan ka ji yadda ya haɗe."